Gwaggon da Ta Ƙona Turu

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Gwaggo ta riga mu. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana yayyafi. Kafin azahar maza sun kai ta sun dawo da jar laka a ƙafafunsu.

Sai da la'asar matan Tonawa, 'yan asalin ƙasar nan ta Kumasi, masu kawo mata goro suka iso, wasu tun daga Bantama, sanye da baƙaƙen zannuwa da jajaye, hannu a ka. Babbarsu, wadda muke ce wa Maame, ta tsaya a tsakar gida ta ce a kai ta ta ga gawa. Aka ce ai an binne. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Kun binne shi? Yau-yau? Babban mutum haka, kun sa shi ƙasa kamar kaza?" Tsofaffin Zango, unguwarmu ta Hausawa, suka shiga ba ta haƙuri, suna cewa haka addini ya ce, addu'a ake yi ba kururuwa ba. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta je ta zauna a bakin murhun Gwaggo ta yi kukanta da Tonanci har ta gaji, kuma ni dai ban hana ta ba.

Washegari da safe tsohon sojan nan ya zo, wanda ya dawo daga yaƙin Jamus kansa ba daidai ba, yake magana da mutanen da ba ma gani. Kullum a ƙofar Gwaggo yake shan koko. Ya tsuguna inda ya saba, ya miƙa ƙoƙonsa wajen ɗakin. Wata ta ce masa, "Baba, ai ta rasu." Ya ce ya sani mana, ai shi ya taya haƙa kabarin. Amma bai janye hannun ba. Na tashi na dama, na zuba masa.

Ni ba ni da alƙalami. Mai rubuta wannan ɗana ne na fari, wanda Gwaggo ta riƙe tun daga yaye, kuma ita ya sani uwa. Yana zaune a bakin ƙofa da takarda a kan allo, ni kuma na ba shi baya, kamar yadda na saba tun yana tsumma. Kowa ya san kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a haɗa ido da shi. Shekaranjiya ƙanwarsa ta raɗa mini cewa ya ɗaure littattafansa, da an yi sadakar arba'in zai bi fatake zuwa Arewa neman karatu, kuma ba da niyyar dawowa ba. Wai ya ce uwarsa ta mutu, wadda ta rage kuwa tun ranar haihuwa ta ƙi shi, duk Zango an sani. To, shi ya sa na ce shi zai rubuta mini labarin Gwaggo, ba wani malami ba. Rubuta, kai mai alƙalami, kuma kada ka gyara mini magana.

Ƙanwar mahaifin mijina ce, amma Zango kaf Gwaggo ake ce mata, har da limami. Gajeriya, baƙa, mai faɗin tafin ƙafa, haƙoranta ja jir da goro da fure. Ba ta taɓa haihuwa ba. A Salaga ta yi aure, mijin ya rasu, da garin ya watse ta biyo 'yan'uwanta zuwa Kumasi lokacin Zango bai wuce bukkoki da turakun jakuna ba. Sana'arta goro. A jiƙa shi, a murje fatar, a wanke, a baza a inuwa, a zauna a zaɓe, a fitar da mai sankara, sannan a jera cikin ganyen fita a ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a canza ganye, a yayyafa ruwa. Har yau in na rufe ido ƙamshinta nake ji, na ɗanyen ganye da ƙasa mai danshi. Tana zaɓe tana yi wa goron faɗa kamar yara. "Kai, ruɓaɓɓe, fita daga cikin mutanen kirki."

Ban san yadda aka fara kawo mata masu taɓin hankali ba, na tarar ana yi. Dangi su shigo da mutum a ɗaɗɗaure, su fara dogon labari: ya bi ta gindin rimi da tsakar rana, ko abokin cinikinsa ne ya yi masa sammu. Takan bar su su gama tas, tana taunar goro. Sai ta ce, "Na ji. Yaushe rabonsa da barci? Me ya ci yau? Wa yake yarda ya zauna kusa da shi?" In suka dawo da zancen iska sai ta ce, "Ko iska ce, ai a jikin mutum ta sauka. Ni mutumin nake jinya. Ku kwance shi." Ba ta raina malamai ba. Duk rubutun da aka kawo da hannunta take shayarwa, da bisimilla, sannan ta bi shi da tuwo.

Ba kowa ya warke a hannunta ba, kada a ɗora mata abin da ba ta yi ba. Akwai wani ɗan dako da ya yi watanni a zaurenta, har ya fara dariya da mutane, wata safiya ya shiga kurmi ba a sake ganinsa ba. Ta daɗe ba ta yarda a naɗe tabarmarsa ba. Akwai wani kuma da ya fasa wa mutum kai a kasuwa, 'yan sanda suka sa shi a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, gidan da Turawa ke ajiye irinsu. Duk falken da zai gangara can sai ta ba shi ƙullin dakuwa ya kai masa. Ba ta taɓa sanin ko yana isa ba.

Yanzu ga nawa labarin, wanda ba a taɓa gaya maka daidai ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina na zo. Mahaifinka ni na zaɓe shi, ba wanda ya tilasta ni, kuma da murnata na biyo ayari. Tafiyar watanni ce. Da cikinka na yi rabinta. A Yeji muka haye babban kogi cikin kwalekwale, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce gwiwa ba. Daga nan itatuwa suka yi ta tsawo, suka yi ta haɗe kai, har sama ta ɓace. A garinmu in ka tsaya a bakin ƙofa kana hango mai zuwa tun yana ɗan ɗigo. A nan kore ne ko'ina, da ruwan sama da ba ya gajiya, da harshen da ban san farkonsa ba. Da a gida ne da na tafi goyon ciki ɗakin uwata. A nan kuwa a gidan wan mahaifinka na haihu, cikin matan da ban daɗe da sanin fuskokinsu ba. Gwaggo ma ba ta gari, ta shiga ƙauyukan Tonawa sayen goro.

Kwana biyu da haihuwa duniya ta ja da baya. Ban san yadda zan faɗe shi ba sai haka. Muryoyin mutane suka koma kamar ina jin su daga ƙarƙashin ruwa. Barci ya tafi, yunwa ta tafi. In na dubi daɓen ɗaki sai in ga yana motsi a hankali, yana sheƙi, ashe kogi ne ya biyo ni har Kumasi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Sai wani abu ya zauna mini a rai daram: ɗana na gaske yana can cikin kwalekwale, na manta shi a Yeji, yana ta yawo a kan ruwa shi kaɗai. Wannan da suke ajiye mini a gefe na wasu ne, aro aka ba ni. Ban ƙi shi ba. Tausayinsa ma nake ji, ina cewa Allah sarki, ina uwar wannan? Na juya fuskata ga bango ina sauraren ruwa.

Ka san abin da matan Zango suka yi? Yabo! Masu barka su shigo su gaishe ni, in yi shiru, su ce, "Kai, yarinyar nan da kunya take." Ka yi kuka, ko motsi ban yi ba, su ce, "'Yar gidan mutunci ke nan, irin tarbiyyar Arewa, ba irin yaran nan da suka tashi cikin Tonawa ba." A kawo kunun kanwa ya huce a gabana, su ce kara ce, ba ta son a ga tana ci saboda ɗa. Ranar suna har 'yan mata aka riƙa turowa su leƙa ni su koyi hali. Matar wan mahaifinka ce take danna ka a ƙirjina ka sha, tana dariya tana cewa ba ta taɓa ganin mai kunya irina ba. Mahaifinka yana waje yana jin daɗi. Ni kuwa ina nitsewa a gaban idonsu.

Bayan suna Gwaggo ta dawo. Ta shigo da laka har ƙauri, ta zauna. Ta ɗauke ka, ta jujjuya, ta yi maka addu'a. Can sai ta ɗan mintsini dugaduginka. Ka callara ƙara. Ba kai take kallo ba, ni take kallo. Da ka yi shiru ta sake yi. Sannan ta juya ga matan da ke ɗakin.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun haihuwa, Gwaggo. Kunya ce da ita kamar me."

"Kunyar gidanku! Mai kunya fuska take kawarwa, amma kunnenta yana kan ɗan. In ya yi kuka za ki ga kafaɗarta ta motsa, za ki ga zaninta ya jiƙe a ƙirji ko ba ta so. Wannan ba ta nan. Ciwo ne a gabanku kuka zauna kuna yi masa guɗa."

Ba su yarda ba. Suka ce tsohuwa ta saba da mahaukata, kowa ta gani sai ta ga hauka. Sai da wata rana da tsakar rana na miƙe, ba mayafi, ba takalmi, na ratsa ta cikin masu gwanjon jakuna, na kama hanyar Arewa zan je in ɗauko ɗana a kogi. Na tuna ƙasa tana da laushi kamar ina taka auduga, kuma raina fes, karo na farko tun haihuwa. A bakin gari wasu fatake suka tare ni. Kafin la'asar bakunan da suka ce 'yar mutunci su ne suka ce mahaukaciya.

Wan mahaifinka shi ne babba a gida, mai masaukin fatake, mutum ne da ba ya son a ji kansa a gari. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, tsoro ne ya kama shi. Ya yanke magana biyu. Ya aiko aka aro turu daga gidan wani malami, wani ƙaton gungume mai rami da ake zura ƙafar mutum a ciki a datse. Kai kuma za a ba da kai ga wata mai shayarwa a ayarin da zai tashi bayan Juma'a, a kai ka wurin kakarka a Arewa, don an ce nonon mahaukaciya yana sa wa ɗa hauka. Da an yi haka, da ni da kai ba mu sake ganin juna ba.

Aka ajiye turun a tsakar gida, za a sa ni in an sauko daga masallaci. Gwaggo ta bari sai da maza suka fita. Ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki gatari. Ina kwance ina jin saran kamar daga nesa, ina tsammanin masu kwalekwale ne ke sassaƙa. Ta faskara shi, ta cusa a ƙarƙashin tukunyar ruwan jego, ta hura wuta. Da maza suka dawo suka same ta zaune tana fifita.

"Gwaggo, ina turun?"

"Ga shi can yana tafasa ruwan wanka. Icce ne mai kyau, ko hayaƙi ba ya yi."

"Subhanallahi! Na aro ne fa, Gwaggo!"

"To ka je ka ce gwaggonka ta ƙona. In yana da magana ya zo ya same ni, na san shi tun ba shi da gemu."

Ya fara faɗa, yana cewa gidansa ne, mutuncinsa ne, in yarinyar nan ta jefa jariri a rijiya wa za a tambaya. Ta bar shi ya gama kamar yadda take barin kowa. Sannan ta faɗi abin da ko su ba su sani ba. Tana da wa a Salaga, wanda kansa ya taɓu yana saurayi, aka sa shi a turu, ita take kai masa tuwo tana yarinya. Ta ce hankalinsa ya dawo tun kafin ƙafar ta ruɓe. Yakan ce mata ya warke, a cire shi, ta je ta gaya wa manya, su yi dariya. "Duk abin da mutum ya faɗa yana cikin turu, hauka ne a kunnen mutane," in ji ta. "A ciki ya mutu yana magana daidai kamar ni da kai."

"To nonon fa?" in ji shi.

"Nono nono ne. Na ga 'ya'yan irinta sun girma sun yi limanci. Kai ka saurara. Yarinyar nan tana cewa an raba ta da ɗanta, alhali ga shi a gefenta. Kai kuma maganin da ka samo shi ne ka raba su da gaske? In ka yi haka ka mai da ciwonta gaskiya, kuma ba mai dawo da ita."

Mahaifinka bai taɓa ɗaga murya a gaban wansa ba, ranar ma bai ɗaga ba. Kansa a sunkuye ya ce, "Yaya, a bar wa Gwaggo." Ayari ya tashi ba kai. Wan mahaifinka ya daina gaishe ta har Sallah ta zagayo, ita kuwa duk mako sai ta aika masa da daushe mafi kyau, ta ce a gaya masa na masu fushi ne.

Ta kwashe mu ta kai ɗakinta. Kada ka ɗauka sakaci ta yi don ta ƙona turu. Ta tattara wuƙaƙe ta ba maƙwabta ajiya, ta sa aka rufe rijiya da katako da dutse, tabarmarta kuwa a bakin ƙofa take. Ba ta taɓa barina da kai mu biyu ba, kuma ba ta taɓa raba mu ba. Ita take yi mini wankan jego, tana tsoma ganye tana watsa mini tana ba ni labarin mutanen Salaga. A akushi ɗaya muke ci, ta kai loma in kai loma, in na tsaya ta tsaya, ta ce to mu kwana da yunwa tare. In lokacin shan nono ya yi ita take riƙe ka a ƙirjina, hannunta a ƙarƙashin kanka, ni ina kallon bango.

Da na fara iya zama sai ta ja ni inuwa ta zube mini goro a gaba. "Zaɓe. Bari hannunki ya fara dawowa, sauran za su biyo." Na riƙa jujjuya goro ɗaya har rana ta karkata, ta ƙyale ni. Wata rana na tsinci kaina na ware masu sankara gefe ba tare da na sani ba.

Nakan ce mata, "Gwaggo, ɗana yana cikin kwalekwale."

Ba ta taɓa ce mini ƙarya nake ba, ba ta kuma taɓa ce mini haka ne ba. Takan ce, "Ni ban gan shi can ba. Amma na ga tsoron da kike ji, wannan kam na gan shi. Shi kuma wannan na nan yunwa yake ji, ko na wane ne."

Sai ta ɓullo da wata dabara. Muna zaɓen goro ta ce in ba ta labarin hanya, tun daga ƙofar ɗakin uwata, zango bayan zango, wai ita ta manta. Na fara. Kukar bakin garinmu, rijiyar da jakinmu ya kusa faɗawa, garin da muka sha fura mai tsami har mahaifinka ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Kullum mu ɗan ƙara gaba. Ruwa yana zuba daga indararo, ganyen fita yana ƙamshi, kai kana barci a bayanta, mu kuwa muna can cikin sarari muna tafiya da baki. Amma da mun iso Yeji sai in tsaya. Takan ce, "To, mu kwana nan." Gobe mu sake farowa daga ƙofar uwata. Mun daɗe muna kwana a bakin kogin nan.

Wata rana ta ce, kamar ba da gangan ba, "Da kuka shiga kwalekwalen, a ina kika ajiye ɗan?"

Na ce, "Ai ban haife shi ba lokacin. Yana cikina."

"Af. To da kika sauka a wannan gaɓar fa?"

Sai na tuna. Da na sa ƙafa a tudu, wani abu ya shure ni a ƙarƙashin haƙarƙari, da ƙarfi, har na dafa mahaifinka. Shi ne motsinka na farko. Ashe tare muka haye. Goron da ke hannuna ya faɗi, na yi kukan da ban yi ba tun haihuwa, ita kuwa ta ci gaba da zaɓenta kamar ba ta gani ba.

Kada ka rubuta cewa ranar na warke. Washegari ma na sake ganin ruwa a daɓe. Ciwon nan a hankali yake janyewa, yau ya ba ka wuri gobe ya karɓe. Amma barci ya fara zuwa, tuwo ya fara ɗanɗano. Sai wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida, kana cikin ɗaki, ka farka ka yi kuka. Ban juya ba, akwai mata a wurin. Amma Gwaggo ta ga kafaɗata, ta ga gaban zanina. Ta saki faifan goro ya watse a ƙasa, ta ce, "Alhamdu lillahi, mai kunya ta iso!" Ta ja ni ɗaki ta saki asabari, ta ɗora ka a cinyata, ta janye hannunta, karo na farko.

"Kira sunansa a kunnensa."

"Haba Gwaggo, ɗan fari?"

"Ba kowa a nan sai ni, ni kuwa kurma ce yau. Kunya ta mutane ce, ki ba su abinsu a waje. Shi wannan yana bukatar ya ji daga bakinki ko sau ɗaya ne."

Na sunkuya na faɗa. Ka daina kuka ka zuba mini ido. Kanka yana ƙamshin man shanu.

Da aka yaye ka aka ba ta riƙonka, kamar yadda ake yi, kuma wa ya fi ta cancanta? Ni na koma ɗakin mijina, katanga ɗaya tsakaninmu, na shiga kunya ta gaske. Zango kuma suka sake yin kuskurensu, a juye. Da can sun ga ciwo sun ce kunya ce. Yanzu suka ga kunya suka ce ƙi ne, ai dama tun yana jariri ba ta son shi. Yara suka ɗauka suka riƙa jifan ka da ita a makarantar allo. Ina ji, ina ƙuna, amma bakina a ɗaure. Ciwon ya sake leƙo ni a haihuwar ƙanwarka, sai dai wannan karon tun ranar farko Gwaggo tana zaune a gefena tana ƙirga lomata, bai samu wurin zama ba.

Kwanaki kaɗan kafin ta cika ta kira ni da hantsi, kana masallaci. Ta rame har zobenta yana zamewa. Ta ce, "Na riƙe miki shi, na yi iyakar yina. Abu ɗaya ne ban ba shi ba, don ba nawa ba ne. Yaron nan yana tafiya kamar wanda aka ajiye aka manta. Ki gaya masa." Na ce Gwaggo da wane baki? Ta ce, "Da wanda kike cin goro da shi mana." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Allah ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya kwance mata duk wani ɗauri kamar yadda ta kwance na bayinsa. Ya haɗa ta da wanta a inda ba turu. Wanda ya karanta wannan ya yi mata Ƙulhuwallahu, kuma in ya ga mai jego ta juya wa bango fuska, ya dubi kafaɗarta kafin ya yaba.

Me ya sa ka tsaya? Na ji alƙalamin ya daina ƙara. E, ina jin sa. Komai naka ina ji. Na san takunka tun daga bakin lungu, kana jan takalmin hagu. Na san tarin da kake yi in damina ta kama, kuma zumar da Gwaggo take ba ka daga ɗakina take fitowa. Na san ayar da ta riƙa kakare maka a Tabara, ina bayan katanga ina daka ina jan ta tare da kai, ni da ban yi karatu ba har na haddace ta. Ranar da muryarka ta fashe na riga Gwaggo sani. Ranar da kuka dawo daga maƙabarta ka shiga bayan ɗaki don kada a ji ka, na ji ka. Fuskata na kawar, kunnena bai taɓa barin ka ba.

Ban ce kada ka tafi ba. Karatu abu ne mai kyau, kuma za ka ga sararin da na ba Gwaggo labari. In ka iso Yeji ka dubi gaɓar nan ta kudu, a nan ka fara gaishe ni. Amma ba za ka haye kogin nan kana ɗan da aka manta ba.

Saki asabarin. Ajiye alƙalamin, abin da ya rage ba na rubutawa ba ne. Matso da kunnenka.